SIFANA MAI ISKA: TA IYA KWANCE NOTI, AMMA KADA A BA TA ƊAURIN INJI

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Daura ya ratsa Ɗanbatta, zai ga rumfunan masu faci da garejin makanikai a bakin hanya. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, aiki ya fi yi musu yawa. A wasu garejin akan ji wata ƙara mai kama da ɓarin tsakuwa a kan kwano. Ƙarar sifana mai iska ce tana kwance notin taya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin zirga-zirga da na gyara suka hau. Masu mota da babur da injin ban ruwa da yawa sun koma yin ƙananan gyare-gyare da hannunsu a gida. Ga kuma sifana mai iska mai araha, yawanci ƙirar ƙasar Sin, ta shigo kasuwa. To, kafin mutum ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya san aikin da take yi da wanda ba nata ba.

YADDA TAKE AIKI

Siffarta kamar ƙaramar bindiga take. Akan haɗa ta da tiyo zuwa injin iska, irin wanda mai faci ke buga taya da shi. In an danna kunamarta, iska za ta shiga ta juya wani ɗan inji da ke ciki. Shi kuma ya juya wata 'yar guduma. Gudumar ita ke dukan ƙarfen da ke riƙe da soket, sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya.

Aikin maƙeri ke nan a uwar maƙera. Bugu ɗaya ba ya tanƙwara ƙarfe, amma bugu a kan bugu yana tanƙwara shi. Haka notin da ya yi tsatsa ya ƙi motsi yake saki a hankali. Shi ya sa ma ba ta murɗe hannun mai riƙe da ita. An fara ƙera ta a Amurka cikin shekarun 1930, domin aikin masana'antu.

ƘARFIN ƊAURI YANA DA AWO

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kowane noti a jikin inji yana da iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi. Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta wannan a littafin gyara. Za ka ga lamba, a gabanta an rubuta Nm.

Ga yadda za ka gane shi. Ɗauki sifana mai tsawon mita ɗaya, ka sa ta a kan noti a kwance. Ka rataya ruwa lita 10 a ƙarshenta. Ƙarfin da ruwan ke murɗa notin ya kai wajen 100 Nm. Yanzu duba wannan:

Fulogin mota yana bukatar wajen 25 Nm. Wato ruwa lita biyu da rabi kacal.

Notin da ake kwancewa a zubar da baƙin mai yana bukatar wajen 30 zuwa 40 Nm.

Notin tayar ƙaramar mota irin su Golf da Corolla yana bukatar 100 zuwa 120 Nm.

Ita kuwa sifana mai iska, ko mai arahar, takan kai 300 Nm ko fiye. Wannan ya wuce cikakkiyar jarka mai lita 25 a rataye a kan sifanar nan mai mita ɗaya. Ka ga ke nan wanda ya ɗaure fulogi da ita ya ba shi ƙarfin da ya ninka bukatarsa fiye da sau goma. Kuma ba ta da agogon da zai nuna maka inda ta kai. Maɓallin da ke jikinta mai lamba 1 zuwa 4 iska kawai yake ragewa, ba awo ba ne.

ƁARNAR DA TAKE YI

Kan injin yawancin motocin yanzu, wanda makanikai ke kira tof silinda, da alminiyan aka yi shi. Haka jikin injin babur da na ƙaramin injin ban ruwa da ake aiki da shi a fadamun madatsar ruwa ta Tomas. Alminiyan ƙarfe ne mai laushi, dangin wanda ake ƙera tukwanen girki da shi. Noti kuwa baƙin ƙarfe ne mai tauri. In an matsa da yawa, haƙoran da ke cikin ramin su ke cinyewa. Daga nan noti sai ya yi ta juyawa ba ya kamawa.

Wani lokaci notin ne zai karye, rabinsa ya maƙale a cikin inji. Cire shi sai an je wurin masu injin huda ƙarfe. Gyaran da mutum ya so ya yi da safe ya koma aikin kwana uku, ga kuɗin jan mota zuwa Kano. In injin ban ruwa ne a tsakiyar rani, tumatir da albasa ba su jiran gyara.

Mafi hatsari su ne notunan tof silinda. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai gasket, wanda ke raba ruwa da baƙin mai da wuta. Dole notunan su danne shi daidai wa daida. Akan fara ɗauri daga na tsakiya, a riƙa fita zuwa gefe, kuma a mataki biyu ko uku. In wani ya fi wani matsuwa, gasket zai ƙone, ko kan injin ya karkace. Alamarsa ita ce mota ta riƙa zafi, ruwan lagireto yana raguwa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. A wasu motocin, ciki har da Golf, notunan nan miƙewa suke yi in an ɗaure su, don haka sabbi ake sawa duk lokacin da aka buɗe inji.

INDA TAKE DA AMFANI

Wannan bai sa ta zama abin banza ba. A wajen kwancewa tana rage wahala ƙwarai. Tana kwance notin taya, da notin sharɓoba, da manyan notunan ƙarƙashin mota da ruwa da laka suka sa wa tsatsa. Akwai kuma babban notin da ke riƙe da fule a gaban karanshaf. In ka sa masa sifanar hannu, injin gaba ɗaya ke juyawa tare da kai. Bugun sifana mai iska kuwa yakan sake shi kafin injin ya motsa.

Wajen mayarwa, ga ƙa'ida:

1. Fara ɗaura kowane noti da yatsunka, ya yi zagaye uku ko huɗu. In ya ƙi shiga da yatsa, to ya hau a karkace. Cire shi ka sake.

2. Ƙarasa da sifana mai awo. Ita ce doguwar nan mai lambobi a jikin mariƙinta. Ka saita ta a lambar da ake so. In ta yi ƙas, ka tsaya.

3. Fulogi, da notin baƙin mai, da notunan tof silinda, da duk ƙaramin noti da ke shiga alminiyan, kada sifana mai iska ta taɓa su, ko wajen kwancewa.

4. Ko notin taya ma a ƙarasa shi da hannu. Wanda aka matse da iska, ranar da taya ta yi faci a daji direba ba zai iya kwance shi ba.

KAFIN KA SAYA

Sifanar ita kaɗai ba ta aiki. Tana son iska mai awo 90 a agogon inji, inda aka rubuta PSI. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Tana kuma zuƙar iska fiye da lita 100 a minti ɗaya. Saboda haka ɗan famfon nan da ake sa wa a batirin mota ba zai motsa ta ba. Ana bukatar injin iska mai tanki, gwamma mai lita 50 ko fiye, da tiyo mai faɗi, gajere. Sau da yawa akan ce sifanar ce ba ta da ƙarfi, alhali iska ce ba ta isa ba. Shi kuma injin yana cin fetur ko lantarki, kuma ya fi sifanar tsada.

Sai soket. Farin soket mai ƙyalli na aikin hannu ne. Bugu na iya fasa shi, ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ido. Baƙin soket mai kauri shi ne nata.

In ka je Kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, kada ka dogara da lambar da ke jikin kwali. Araha ba ta ado. Nemi a haɗa ta da iska a gwada a gabanka. Akwai kuma mai aiki da batir, wadda ba ta bukatar injin iska. Ƙa'idarsu ɗaya ce wajen ɗauri.

Mai mota ɗaya ko babur ɗaya, abin da ya fi masa shi ne ya fara sayen sifana mai awo da doguwar sifanar hannu. In noti ya gagara, sai ya kai wa mai gareji ya kwance masa da 'yan kuɗi kaɗan. Wanda gyara ne sana'arsa, ko ƙungiyar direbobi da za su haɗa kuɗi, su ne za ta biya wa bukata.

KULA DA ITA, KULA DA KANKA

Kullum kafin a fara aiki, a ɗiga mata man na'urar iska ɗigo uku ko huɗu ta inda tiyo ke shiga. Da yamma a buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tanki, ruwan da ya taru ya fita. Ruwan nan ke sa tsatsa, musamman da damina. Lokacin hunturu kuwa a rufe ta saboda ƙura.

Kada a taɓa haɗa ta da tukunyar iskar masu walda. Wannan iska in ta haɗu da mai tana iya kamawa da wuta ta fashe. Kada a nuna tiyon iska a jikin mutum ko da wasa. A sa tabarau, a toshe kunne in aikin zai daɗe, domin ƙararta tana rage ji. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi. A kuma kori yara daga wurin.

Mai karatu, lambar da ke littafin gyara da wadda ke jikin sifana mai awo duk karantawa ake yi. Wanda ya iya karanta 25 da 120 ya san bambancin fulogi da notin taya. In za ka buɗe inji, nemi lambobin motarka wurin ƙwararren makaniki, ka rubuta su a takarda, ka ajiye a cikin akwatin kayan aikinka.