Gaskiya ko Jita-jita: Tuƙa Motar Tsere Mai Sufacaja

Duk wanda ya sayi Challenger Hellcat samfurin 2015, wadda kamfanin Dodge na Amurka ya ƙera, makulli biyu ake miƙa masa, ja da baƙi. In ya tayar da ita da jan, injinta mai silinda takwas zai ba shi ƙarfin dawakai 707 cif. In da baƙin ne, kwamfutar motar za ta tsayar da ƙarfin a dawakai 500. Masu ƙera ta da kansu sun san ba kowace ƙafa ce ta dace da totur ɗinta ba. Don a gane girman abin, Corolla da muke gani kullum ƙarfinta bai wuce dawakai 130 zuwa 140 ba, kashi ɗaya cikin biyar ke nan na Hellcat.

Irin waɗannan motoci gidansu Amurka da Turai, amma suna shigowa. Ana ganin Range Rover mai sufacaja, mai dawakai 510, a titunan Abuja da Kano, kuma samari na kallon bidiyon Mustang da Camaro a waya har su haddace lambobinsu. Tare da motocin, maganganu ma sun shigo, ana maimaita su a garejin bakanike da majalisar dare har sun zama kamar karatu. Wasu akwai gaskiya a cikinsu. Wasu kuwa sun kai mutane kushewa.

"Sufacaja da turbo ai duk abu ɗaya ne"

Jita-jita ce, kuma bambancin a ƙafar direba yake bayyana. Dukansu biyu aikinsu cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, don ya ƙone mai da yawa ya ba da ƙarfi. Turbo da hayaƙin salansa yake juyawa, shi ya sa sai inji ya ɗan ɗauki wuta kafin a ji shi. Sufacaja kuwa bel ne ke haɗa shi da injin kai tsaye, kamar fambel. Da ka taɓa totur, ƙarfin ya iso. Dabarar tsohuwa ce, Mercedes ta nuna motocinta masu ita tun 1921, kuma kalmar Kompressor da ake gani a bayan C200 ita take nufi, sai dai ita C200 ƙarfinta bai kai dawakai 200 ba.

Ga inda hatsarin yake. Yawancin motocin tsere na Amurka da tayoyin baya suke tafiya. Kowace taya kuma abin da take taɓa kwalta da shi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wannan ɗan wurin shi ne zai tura motar gaba, shi ne zai riƙe ta a kwana, kuma ba zai iya yin duka biyun da cikakken ƙarfi a lokaci guda ba. Direba ya fito daga kwana ko shataletale, sitiyari bai gama miƙewa ba, ya danna totur ƙasa. Tayoyin baya su saki kwalta, bayan motar ya zame gefe. Ya firgita ya ɗage ƙafa gaba ɗaya, nauyin motar ya koma gaba, tayoyin su sake kamawa da ƙarfi, ta wulla shi ɗaya gefen. Kafin ya ankara ta yi katantanwa ta hau kan masu tafiya a gefen titi. Abin lura, hakan na faruwa ko a gudun kilomita 50 a awa. Ƙa'idar da masu koyar da tuƙin tsere ke nanatawa ita ce a miƙar da sitiyari tukuna, sannan a matsa totur a hankali, a kuma kafa ido inda ake son motar ta nufa, don hannu ido yake bi.

"Wanda ya iya tuƙi ya iya tuƙi, shekara ashirin ina kan hanya"

Wannan ma jita-jita ce, ko da yake na san tana da wuyar karɓa ga wanda ya tsufa a kan sitiyari. Shekara ashirin a ƙaramar mota mai jan gaba ta koya wa ƙafarsa wata ɗabi'a: in zai wuce tirela, totur har ƙasa yake kaiwa, motar ta yi gurnani ta taso sannu a hankali. Wannan ɗabi'ar ce za ta ci amanarsa a mota mai dawakai 700, wadda ke kaiwa kilomita 100 a awa cikin kusan daƙiƙa huɗu. Kamfanin Dodge ya san haka, shi ya sa ya haɗa cinikin irin waɗannan motocin da horon yini guda a wata makarantar tuƙin tsere da ke jihar Arizona, wadda a lokacin ake kira Bondurant. A can, a fili mai faɗi da babu kowa, ake sa mutum ya zamar da mota da gangan don jikinsa ya san yadda take yi kafin ta ƙwace. Gogewar titi na koyar da karanta hanya da halin sauran direbobi, kuma wannan ilimi ne mai daraja. Abin da ba ta koyarwa shi ne me za a yi a cikin rabin daƙiƙar da bayan mota ya fara zamewa.

"Birkinta ya fi na kowace mota, nan take take tsayawa"

A nan akwai gaskiya, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Motar tsere mai sababbin tayoyi, a busasshiyar kwalta, takan tsaya daga gudun kilomita 100 cikin mita 32 zuwa 35. Motar gida mai lafiya takan buƙaci kusan mita 40. Ratar 'yan mitoci ce kawai. Abin da birki ba zai iya canzawa ba shi ne lissafin gudu: in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Motar da ta tsaya a mita 35 daga 100, tana buƙatar kusan mita 140 daga 200. Ƙara da cewa a wannan gudun tana cinye mita 56 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki.

Ga wani lissafi da nake so kowane direba ya riƙe. Motoci biyu iri ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a 100, ɗaya a 140. Garken shanu ya ɓullo, suka taka birki lokaci guda. A daidai wurin da ta farko ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana gudun kusan kilomita 98 a awa. Ratar arba'in da ake rainawa, ita ce ta zama karo da gudun kusan ɗari.

Sai batun ABS, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa, wadda Mercedes da Bosch suka sa a kasuwa a 1978. Tsofaffin direbobi sun saba da bugun birki a saki, a buga a saki. A motar da ke da ABS wannan kuskure ne. Ana takawa da dukan ƙarfi a riƙe, ko da an ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, don karkarwar alama ce ta yana aiki. Babban amfaninsa shi ne ana iya juya sitiyari a kauce alhali ana kan birki. A kan yashi ko tsakuwa kuwa yakan ƙara nisan tsayawa, kuma titunanmu ba sa rabuwa da yashi a gefe.

"Gwani kashe na'urar hana zamewa yake yi"

Wannan ita ce wadda ta fi ba ni takaici, domin kunya ce ke sa samari bin ta, kada a ce ba su iya ba. Na'urar, wadda ake rubuta ESC ko ESP a jikin maɓallinta, tana lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar take nufa a zahiri. In suka saɓa, sai ta taka wa taya ɗaya tak birki, ta rage ƙarfin inji, ta dawo da motar kan layi. Babu ɗan Adam da zai iya taka wa taya ɗaya birki ya bar sauran uku, komai gwanintarsa. Ta fara fitowa a 1995. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna tana rage haɗurran kisa na mota ɗaya, irin wanda mota ke ƙwacewa ta faɗa rami ko ta yi adungure, da kusan rabi. Saboda haka Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai ma ta wajabta ta a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Maɓallin kashe ta an yi shi ne don filin tsere da kuma fitar da motar da ta kafe a laka ko rairayi. Wanda ya kashe ta don ya tayar da hayaƙin taya a bikin aure, da yara tsaye a zagaye suna kallo, da rayukan 'ya'yan mutane yake caca.

"Muddin zanen taya bai cinye ba, lafiyarta ƙalau"

Jita-jita, kuma a kanta akwai labarin da duniya ta sani. Ranar 30 ga Nuwamban 2013, ɗan fim Paul Walker, wanda ya yi suna a finafinan tseren motoci, ya mutu a Santa Clarita ta jihar Kalifoniya cikin wata Porsche Carrera GT. Abokinsa Roger Rodas ne ke tuƙi, kuma shi ɗan tseren mota ne da ya san aikinsa. Motar ba mai sufacaja ba ce, amma ƙarfinta ya haura dawakai 600, kuma ba ta da na'urar hana zamewa. Masu bincike sun ce tana gudun tsakanin kilomita 130 da 150 a titin da iyakarsa kilomita 72 ne. Ta ƙwace, ta daki turken fitilar titi da itatuwa, ta kama da wuta. Ba su sami wata matsala a inji ko birki ba, gudun da ya wuce kima suka ɗora wa laifi. Amma sun kuma rubuta cewa aƙalla biyu daga cikin tayoyinta sun haura shekara tara. Mota ce da ba a cika hawanta ba, don haka a ido tayoyin ba su nuna tsufa ba.

Roba tana bushewa ta ƙandare ko ana amfani da ita ko ba a yi, zafin rana kuma yana hanzarta hakan. Kowace taya ɗauke take da ranar haihuwarta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin mota da dama na ba da shawarar a canza taya bayan shekara shida, masu ƙera tayar kuma sun ce ko ajiye take kada ta wuce goma. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta iya jurewa: H kilomita 210, V 240, W 270, Y 300. Mutum ya zuba miliyoyi a mota sannan ya aika yaro kasuwa ya ɗauko masa tayar gwanjo wadda ba a san shekarunta ba, ya lalata birkin da na'urorin gaba ɗaya, tun da dukansu ta taya suke isa kwalta.

"Faffaɗar taya da jan ƙafa huɗu ba ruwansu da santsi"

Faffaɗar taya ta fi riƙe busasshiyar hanya, wannan gaskiya ne. In ruwa ya kwanta a kan titi kuwa, ta fi siririya saurin hawa kan ruwan ta rabu da kwalta, a lokacin sitiyari da birki duk ba su da amfani. Ruwan farko na damina ya fi kowanne muni, don yana taso da mai da ƙurar da suka taru duk rani. Jan ƙafa huɗu kuma tashi yake taimaka wa. Wajen tsayawa kowace mota da ƙafa huɗu take birki, kuma Range Rover mai nauyin fiye da tan biyu sai ta fi ƙaramar mota wahalar tsayawa.

"A Jamus babu iyakar gudu, kuma suna zaune lafiya"

Gaskiya ne cewa sassa da yawa na manyan titunan Jamus ba su da iyaka. Sai dai hukuma ta ba da shawarar kilomita 130, kuma wanda ya yi hatsari a sama da haka kotu na iya ɗora masa wani kaso na asarar ko da ba shi ya jawo ba. Titunan an killace su, babu mai tsallakawa a ƙafa, babu dabba, babu mai tahowa ta hannun da ba nasa ba, kuma dole a riƙa kai kowace mota gwajin lafiya. A Najeriya iyakar ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu kilomita 100 ce, a cikin gari 50, kuma duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da dare ya san abin da fitila kan hasko ba zato.

"Ƙarfin injin ne ke kisa"

Wannan ce ta fi wuyar yanke wa hukunci, kuma a ganina ita ce gundarin zancen. A 2023 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta fitar da jerin motoci samfurin 2020 da direbobinsu suka fi mutuwa. Cikin 21 da ke kan gaba, shida nau'o'in Camaro ne da Challenger da Charger da Mustang. Amma motocin alfarma masu ƙarfin da ya yi kusa da nasu suna cikin waɗanda direbobinsu suka fi tsira. Cibiyar ta danganta bambancin da yadda ake tallar motocin da kuma niyyar da mai saye ke shiga cikinsu da ita. Ƙarfi dai yana rage wa direba lokacin gyara kuskure, wannan ba musu. Shi kuskuren kuwa daga direba yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu, kuma mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur, waɗanda ba su da hannu a zaɓen gudun da wani ya yi.

Ga wanda Allah ya hore wa irin wannan mota, roƙona shi ne ya duba shekarun tayoyinta yau, ya bar na'urar hana zamewa a kunne, ya ɗaura bel, ya ajiye gwajin ƙarfinta sai a filin da aka killace don haka. Iyaye kuma, kada ku miƙa wa yaron da ya karɓi lasisi jiya makullin motar da masu ƙera ta suka ga dole a yi mata makulli biyu.