Keke Rali: daga ƴar rumfar maƙera zuwa kasuwannin Damagaram

Ƴan uwa mata, ku tambayi kowane dattijo a Birni ko Zengo wane keke ne sarkin kekuna a zamaninsu, zai ce muku Rali. Shi ne baƙin keken nan mai nauyi, mai birkin ƙarfe, da tambarin kan zalɓe a goshi. Turawa na rubuta sunan Raleigh, mu kuwa bakinmu ya maida shi Rali.

Asalinsa garin Nottingham ne a ƙasar Ingila. Wajen 1885 wasu maƙera suka buɗe ƴar rumfa a wani titi da ake kira Raleigh, suna haɗa kamar keke uku a sati. Sai ga wani lauya, Frank Bowden, wanda ya tara dukiya a Hong Kong amma ya dawo gida ba lafiya. Likita ya ce masa ya riƙa hawan keke. Ya hau, ya ji sauƙin jikinsa, keken maƙeran nan kuma ya burge shi har ya zuba kuɗinsa a sana'arsu. A 1888 aka kafa kamfanin da sunan titin.

Bowden bai bi hanyar araha ba. Ya nace a kan ƙarfe mai kyau, har kamfanin ya riƙa tallar cewa kekensa duk na ƙarfen ƙwarai ne. A 1902 suka shigo da giya mai hawa uku da ake kira Sturmey-Archer, wadda ke ɓoye cikin cibiyar tayar baya, inda ƙura ba ta kai mata da sauƙi. Kun ga kuwa ga mai tafiya cikin rairayi irin namu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin 1913 babu kamfanin keke a duniya da ya kai shi girma. Daga nan ya shiga saye abokan gasarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen keke na BSA a 1957. Wato Hamba da tsofaffi ke yabo, daga baya ɗan gida ɗaya ya zama da Rali.

To yaya ya iso mana? Ta Kano. Tun da jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, kayan Ingila suka riƙa sauka can, fatake kuma na haurowa da su ta Daura da Matamaye, ko ta Ɓaɓura da Magarya. Gyaɗa ce ta biya kuɗin. Ƙasar Magarya da Matamaye ta yi suna a noman gyaɗa, manomi in ya sayar da kaka, burinsa uku ne: aure, rediyo, keke. Duk da muna ƙarƙashin Faransa, ga kuma keken Peugeot a kanti, kusancin Kano ya sa Rali ya samu gindin zama a nan. Malamin lakwal, ɗan kasuwar ƙauye, mai kai wasiƙa, duk shi suke hange. Wani ma ba ya cire takardar da aka naɗe ƙarfen da ita, don kada fenti ya goge. A tallar kamfanin ta Afirka har zana mutum ake yi a kan Rali ya tsere wa zaki.

Cinikin ya yi yawa har a shekarun 1970 aka kafa masana'antar Rali a Kano, ana haɗa keken a ƙasar Hausa da hannun ƴaƴanmu. A can Turai ma sunan na tashe: a 1980 Joop Zoetemelk, ɗan ƙasar Holan, ya ci babban tseren keke na Faransa a ƙungiyar Raleigh.

Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Daga 1986 darajar naira ta karye, kayan da ake shigowa da su don haɗa keke suka yi tsada, masana'antun Kano da dama suka durƙushe. Mu kuma a Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Kekunan Sin da Indiya, irin su Phoenix da Hero, suka cika kasuwa a farashi mai sauƙi, suna kama da Rali a ido. Samari kuma hankalinsu ya koma kan moto da kabu-kabu. Ita kanta masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin Holan mai suna Accell ya saye sunan. Rali yana nan har yau, amma ba a Nottingham ake ƙera shi ba.

Me ya sa na kawo wannan tarihi? Saboda keke ya dawo hannunmu mata. Mu ne ke ɗaukar bashin asusu mu saya wa yarinya don ta isa kwaleji da ke nesa da ƙauye, ko yaro ya kai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kasuwar Dole. In aka sayi wanda ƙarfensa zai lanƙwashe kafin a gama biyan bashi, an yi asara biyu. Araha ba ta ado.

Don haka kafin ki miƙa kuɗi, tafi da mai gyaran keke wanda kika yarda da shi. Ya duba mahaɗar ƙarfe ko akwai tsaga ko sabon walda da aka rufe da fenti. Ya juya taya ya ga ko tana rawa, ya gwada birki da sarƙa, ya girgiza kariyar baya tunda ita za ta ɗauki kaya. Ki kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a nan Zinder. Kada tambarin zalɓe kaɗai ya ruɗe ki, don tambari liƙawa ake yi. Tsohon Rali na ainihi da aka riƙe da kyau, sau da yawa ya fi sabo mai ƙyalli ƙarko.

Allah ya sa albarka a abin da muke tarawa, ya kai yaranmu lafiya ya dawo da su lafiya.