Ciwon Da Kan Jira Ma'aikaci Har Ya Bar Aiki

Daga Wakilinmu na Arewa

Idan inji ya datse wa lebura yatsa, nan take kowa zai ga jini, a ruga da shi asibiti, a kuma san wanda zai biya diyya. Amma akwai wani haɗari a wurin aiki wanda ba shi da launi, ba shi da wari, ba a kuma jin zafinsa. Shi ne tururin nan da ke fita daga na'urar ɗaukar hoton ƙashi, da ma'adinin yuraniyam, da tashoshin nukiliya. Yakan ratsa jiki ya yi wa ƙwayoyin halitta lahani, sa'an nan a ji shiru. Sai bayan shekara 10 ko 20 ciwon daji ya ɓullo, a lokacin kuwa watakila mutum ya daɗe da komawa garinsu.

Duniya ta ga wannan ƙarara a Amurka. Tun daga 1917 aka riƙa ɗaukar 'yan mata a garin Orange na jihar New Jersey suna shafa wa fuskar agogo fenti mai haske da dare. Fentin yana ɗauke da sinadarin radiyam, su kuwa da leɓe suke gyara tsinin burushi. Ba a yi shekaru da yawa ba haƙoransu suka soma zubewa, muƙamuƙi ya ruɓe, waɗansu suka kamu da sankarar ƙashi. A 1925 wani likita, Harrison Martland, ya nuna cewa radiyam ɗin ne sanadi. A 1928 biyar daga cikinsu da suka kai ƙara suka sami diyya.

To, waɗannan sun haɗiyi guba mai yawa. Yaya batun wanda kaɗan-kaɗan yake samu, wata bayan wata, har tsawon rayuwar aikinsa? Amsa wannan tambaya tana da wuya, domin ciwon daji yana kama mutane ko ba su taɓa kusantar tururin ba. Hanya ɗaya ce: a tara mutane masu ɗimbin yawa waɗanda aka rubuta abin da ya shiga jikin kowannensu, a bi sawunsu shekara da shekaru, a ga abin da ya yi ajalinsu.

Haka hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon ta yi tare da masana na Faransa da Birtaniya da Amurka, a wani bincike mai suna INWORKS. Sun bi ma'aikatan nukiliya 309,932 daga 1944 zuwa 2016. Abin da ya sa aikin ya yiwu kuwa shi ne ɗan ƙaramin bajo da ma'aikatan kan maƙala a riga, wanda ke auna tururin da ya same su, ana kuma shigar da shi cikin littafi.

Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna mutum 103,553 sun rasu, 28,089 daga cikinsu saboda ciwon daji irin mai tsiro a sassan jiki. Masanan sun gano cewa duk awo ɗaya da ake kira gire da ya taru a jiki yana ƙara haɗarin mutuwa da wannan ciwo da kimanin kashi 52 cikin 100. Amma kada mai karatu ya firgita. Matsakaicin ma'aikaci bai tara fiye da wajen kashi 1 cikin 50 na gire ɗaya ba a duk aikinsa, watau haɗarinsa ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100 ke nan bisa na sauran jama'a. Ƙarin kaɗan ne, amma akwai shi, yana kuma hawa gwargwadon abin da aka tara. Da yayyafi kogi kan cika.

Wani zai ce ina ruwanmu da lamarin Turawa. Da ruwanmu ƙwarai. A yankin Fatakwal da Warri ana amfani da wannan tururi wajen duba waldar bututun mai, 'yan'uwanmu kuwa suna nan a matsayin leburori da direbobi da masu gadi. Waɗansu suna aiki a ɗakunan ɗaukar hoto na asibitoci. A maƙwabciyarmu Nijar ma, tun 1971 aka fara haƙar yuraniyam a Arlit.

Nijeriya ta yi doka a 1995 wadda ta kafa hukumar kula da harkokin nukiliya, ta kuma fara aiki a 2001. Amma doka ba ta maƙala wa mutum bajo a riga. Saboda haka, ɗan'uwa, idan aikinka yana kusa da irin waɗannan na'urori, ka nemi a ba ka bajo, ka sa shi kullum, ka tambayi abin da ya nuna. Idan ka ga alamar nan mai fukafukai 3 a kan rawaya, ka ja da baya, kada kuma ka shimfiɗa tabarmar gadi kusa da ita. Ranar da za ka bar aiki, ka karɓi takardar awonka ka adana ta tare da takardun gida. In wata lalura ta taso bayan shekara 20, ita ce za ta yi wa likita bayani, ita ce kuma shaidar iyalinka.

Allah Ya ba mu lafiya da abin zaman gari.