Hattara da Alƙalin da Bai Karanta Ba

Wata ɗabi'a ta shigo mana, kuma kullum ƙara yaɗuwa take yi. Mutum ɗaya zai ɗauki waya, ya jero littattafai da fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yanke musu hukunci: wannan batsa ce zalla, wancan ɓata tarbiyya ne, wannan kuwa marubuciyarsa ba ta da kunya. Kafin gari ya waye maganar ta zaga Facebook da TikTok da rukunonin WhatsApp, dubban mutane sun ɗauka suna tsinuwa. Ka tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ko ya karanta littafin, sai ya ce maka, "Allah Ya kiyaye! Ai an ce." Shi kansa mai sharhin, in ka bincika, hoton shafi guda aka turo masa, ko guntun bidiyon da bai kai minti ɗaya ba.

Kowane mai karatu yana da ikon faɗin ra'ayinsa. Wani Labarina ne ke burge shi, wani Izzar So, wani kuma tun da Arewa24 ta fara Daɗin Kowa bai sauya tasha ba. Wannan ba laifi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da ra'ayin mutum ɗaya ya rikiɗe ya zama fatawa, aka daina cewa "ni bai yi mini ba", aka koma cewa "duk wanda ya kalla ya halaka".

Mun taɓa ganin inda wannan hanya take kaiwa. A 2007 an cinna wa littattafan soyayya na Hausa wuta a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, bayan hayaniyar da ta tashi. Mutum yana iya goyon bayan matakan nan biyu ko ya ƙi su, amma ya tambayi kansa: cikin masu ihu a lokacin, nawa ne suka karanta littattafan da aka ƙona, nawa ne suka san abin da aka shirya ginawa a Ƙofa? A 2007 ma sai an bi ta rediyo da mumbari kafin magana ta yaɗu. Yau kowa rediyonsa na aljihunsa.

Abin da masu wannan ɗanyen hukunci suka kasa ganewa shi ne, labari ba ya tsayawa sai da mugu a ciki. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933 ta Rupert East. Taurarinsa, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, in ban da ƙarya da damfara da ramuwar gayya, me suke yi wa juna daga gari zuwa gari? Da yau aka rubuta shi, wani ya yanko shafi guda ya watsa, da an ce Imam yana koya wa yara yaudara. Ko Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Akwai magidancin da ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda macen bariki. Wanda ya tsaya a shafin macen barikin zai rantse littafin lalata ne. Wanda ya kai ƙarshe ya san cewa littafin mari ne ga irin waɗannan maza. Shi ne aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, alhali a gida an daɗe ana kallon ire-irensa a matsayin tarkacen kasuwa.

Su ma masana sun yi sa-in-sa a kan wannan adabi. Ibrahim Malumfashi ya soki abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya kare adabin, suka yi ta fafatawa a shafukan jarida. Sai dai kowannensu littafin na gabansa yake magana. Irin wannan sukar ce ke gyara marubuci.

Kada wani ya ɗauka ina wanke kowa. Akwai ƙazantar gaske a cikin wasu littattafan da ake sayarwa ta waya shafi-shafi, akwai shirye-shiryen YouTube da bai kamata yaro ya zauna gabansu ba. Amma ku lura da abin da hayaniyar ke haifarwa. Mai rubuta batsa ba ya tsoron zagi, talla ce ta kyauta a wurinsa. Ranar da aka tsine wa littafinsa, ranar masu neman lambar biyan kuɗi ke ƙaruwa. Wadda ke jin zafin ita ce marubuciyar kirki mai miji da dangi, wadda ta taɓo auren dole ko fyaɗe ko shaye-shaye don a gyara. Ita ce za a kira surukanta a waya. Ita ce gobe za ta ajiye alƙalami, ko ta koma rubuta labarin da ba ya cizo. A hankali sai filin ya zama na marasa kunya su kaɗai.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika faɗa ba: mai sharhin da ke tsine wa wannan fim yau, gobe shi ne ke kambama wancan don furodusa ya sa masa wani abu a asusu. Mabiyansa ba su san an yi ciniki ba.

Don haka ina jan kunnen malaman da ke hawa mumbari da labarin fim ɗin da almajiri ya ba su, da iyayen da ke ƙwace littafi a hannun 'ya'yansu don wani ya ce. Musulunci ya umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, kuma kiran mace fasiƙa saboda abin da tauraruwar labarinta ta aikata ƙazafi ne, ko da kishin addini aka yi shi. Uwa, ki karɓi littafin ki karanta da kanki. Malam, ka nemi fim ɗin gaba ɗayansa. Kai kuma mai turawa gaba, kafin ka danna, ka tambayi mai sharhin a wane babi abin ya faru, kuma me ya biyo baya. Yawancinsu a nan za su yi shiru.