Italiya: Iyalan da ke noman inabi a jikin tsauni

A kwarin Valtellina da ke arewacin Italiya, kusa da iyakar Suwis, gonakin inabi suna maƙale ne a jikin tsaunukan Alps. Kakannin manoman yankin sun yi wa tsaunin hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da katangar duwatsu ba tare da siminti ba. An ƙiyasta tsawon katangun ya kai kilomita 2,500.

Tarakta ba ta iya shiga yawancin gonakin. Da hannu ake tsinkar inabin Nebbiolo, wanda a can ake kira Chiavennasca, a goyo shi a baya a sauko. Wani kason akan shanya shi har watan Disamba kafin a yi giyar Sforzato da shi.

A 2018 hukumar UNESCO ta sanya fasahar ginin irin wannan katanga cikin al'adun gargajiya na duniya. Sai dai rabon gado ya ƙanƙanta gonaki, matasa kuma suna neman aiki mai sauƙi. Gonar da aka bari, katangarta kan rushe, ruwan sama ya kwashe ƙasar zuwa ƙauyukan da ke gindin tsauni.