Me Ya Sa Sanarwa Ke Shiga Wannan Wayar Ta Ƙi Shiga Waccan?

'Yan kasuwa da yawa a Kiru, Bebeji da Kwanar Dangora suna riƙe waya biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a shago wajen yaro. Sai a turo saƙon ciniki ko na shigar kuɗi, wannan ta yi ƙara, waccan shiru. Ga abin da ke faruwa.

Yadda sanarwa ke tafiya

Manhaja ba ta aiko sanarwa kai tsaye. Sabar kamfanin tana miƙa ta ga Firebase Cloud Messaging na Google idan wayar Android ce, ko ga sabar Apple idan iPhone ce. Kowace na'ura tana da lambar shaidarta daban, don haka kowacce tata kwafin ake aika wa. Idan ka karanta saƙo a waya ɗaya, sabar tana tura wa sauran umarnin goge sanarwar. Wayar da ba ta da data ba za ta samu umarnin ba sai ta dawo kan intanet. Shi ya sa kake ganin tsohuwar sanarwa kamar sabuwa.

Saƙon banki na SMS kuwa layi yake bi. Wayar da sim ɗin ke ciki kaɗai zai shiga.

Abin da za ka gyara

1. WhatsApp: tun Afrilun 2023 za ka iya haɗa lamba ɗaya da ƙarin na'urori huɗu ta Linked devices. Amma idan babbar wayar ta kwana 14 ba a buɗe WhatsApp ɗinta ba, sauran za su fita.
2. Izini: daga Android 13, manhaja ba ta nuna sanarwa sai ka amince. Duba kowace waya daban.
3. Batir: tsarin adana caji yana kwantar da manhajoji, musamman a Tecno, Infinix da itel. Cire WhatsApp da manhajar bankinka daga jerin waɗanda ake takaitawa.
4. Data saver: bar wa waɗannan manhajojin damar aiki a bayan fage.

Hattara

Sanarwa ba rasit ba ce. Tana iya makara, kuma 'yan damfara na ƙirƙirar alat na bogi. Kafin a ɗora buhun masara a mota, kai ko yaronka ku buɗe manhajar banki ku ga kuɗin sun shiga asusu.