Manhajar Mayar da Magana Rubutu da Hausar Adamawa

Wannan maƙala ta dubi manhajar da ke mayar da magana rubutu, wadda kan hutar da ma'aikacin da amosanin gaɓɓai ya hana yatsunsa buga kwamfuta. Manhajar Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, ta ƙunshi Hausa. Sai dai akwai matsalar karin harshe. A Ngurore, kusa da Yola, Hausa na cuɗanya da Fulfulde, harshen da ba shi da sautin /ƙ/, don haka da yawa kan furta "ƙafa" tamkar "kafa". Idan manhaja ta rubuta abin da ta ji, tilas yatsun nan masu ciwo su koma gyara. Saboda haka ya wajaba masana su tattara muryoyin kowane yanki domin horar da ita.